Kwana biyu a Berlin: na je neman ɗakin da aka raba mu, na tarar da gidajen haya

Abban Sadiƙ (Kano): Assalamu alaikum 'yan zaure. Na dawo shekaranjiya, Alhamdulillahi. Masu yi min waya kan tsaraba a yi haƙuri, cakulan ce kawai, ita ma yara sun gama da ita tun a mota kafin mu iso gida.

Taron da aka tura mu na kwana uku ne, kan noman rani da famfo mai aiki da hasken rana, sai na roƙi a bar min Asabar da Lahadi in ga gari. To ga abin da ya sa na tayar da maganar nan. Tun muna aji uku a sakandare malamin tarihi yake ce mana a Berlin Turawa suka zauna suka yanka Afirka kamar naman layya. Na ce in dai Allah Ya sa na taka garin nan, sai na ga ɗakin da idona. Asabar da safe abokan tafiyata suka nufi Ƙofar Brandenburg ɗaukar hoto, ni kuwa na kama titin da ake kira Wilhelmstrasse ina bin taswirar waya, sanyin Nuwamba kamar zai cire min kunne. Na kai na kawo har sau uku. Babu fada, babu ɗaki, babu ko mai gadi da zan tambaya. Gidajen sama ne na haya jere, motoci a fake, wata tsohuwa tana jan ɗan karenta shi ma sanye da rigar sanyi. Da ƙyar na hango wani allo tsaye a bakin titi, da taswirar Afirka da rubutu a jiki. Shi ke nan fa. Na tsaya na karanta, yatsuna suka ƙandare, na juya.

Yanzu uwargida na cewa na je Turai na dawo da hoton allo. Ku faɗa min tsakani da Allah, ni na yi wauta ko su abokaina?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam, sannu da zuwa Yallaɓai. Tunda ka ce tsakani da Allah, to wauta ka yi. Bizar da mutane ke shekara suna nema ba su samu ba, kai an ba ka a sama, an biya jirgi, an biya masauki, ka je ka tsaya gaban allo. In allo kake so ai da ka zo Gidan Makama na raka ka, kuɗin adaidaita kawai. Hajiya ta fi ka gaskiya.

Maman Iman (Berlin): Yaya Abban Sadiƙ, har ka shigo garinmu ka fita ba ko sallama? Allah Ya isa tuwon da ka yi min asararsa, don da na tuƙa maka. Kuma abin dariyar, daga Ƙofar Brandenburg zuwa allon nan naka tafiyar 'yan mintuna ce da ƙafa. Da ka bi abokanka kun yi hoton, sannan ka zame ka je naka wurin. Ba sai ka zaɓi ɗaya ba.

Ginin da kake nema kam babu shi. Fadar shugaban gwamnati ce ta zamanin Bismarck, lamba 77 a titin. Yaƙin Duniya na Biyu ya ragargaza ta, bayan yaƙin aka rushe abin da ya saura. Wurin ya faɗa ɓangaren Jamus ta Gabas, su ne suka zo daga baya suka gina gidajen da ka gani. Allon ma ba daɗewa ya yi ba, 2005 aka kafa shi. Shekarata ta bakwai ke nan a garin, kuma ina tabbatar maka da yawa cikin abokan aikina a asibiti ba su san da shi ba.

Abban Sadiƙ: Ƙanwata a yi min afuwa, wallahi na ɗauka a Bonn kike, wajen 'yan rediyo.

Maman Iman: Kowa ya ji Bahaushe na Jamus sai ya kai shi Bonn. Tsakaninmu da can tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce a jirgin ƙasa.

Malam Isufu (Damagaram): Salamu alaikum. Barka da sauka Bakano. Ni ba zan ce ka yi wauta ba, ko da yake wauta ba baƙuwa ba ce a wajenku. Gani ya kori ji. Amma bari tsohon malamin lakkol ya gyara wa malaminka magana ɗaya, don mu ma haka muka karantar da yara shekara da shekaru kafin mu gane.

An buɗe taron ran 15 ga Nuwamba 1884, aka rufe ran 26 ga Fabrairu 1885. Ƙasashe 14 suka zauna, har da Amurka da Daular Usmaniyya, ba ɗan Afirka ko ɗaya, wannan gaskiya ne. Amma ba a ɗakin nan aka ɗauki alƙalami aka ja layin da ya raba Katsina da Maraɗi ba. Abin da suka fi yi wa zama shi ne Kwango, wadda Sarki Leopold na Beljiyam ya fita da ita a aljihu, sai maganar jiragen ruwa su yi ta kai da kawowa a kogin Kwango da kogin Kwara ba mai hana wani, sai kuma ƙa'idar cewa duk wanda ya kama wani sabon wuri a gaɓar teku ya sanar da sauran, ya kuma nuna yana da iko a wurin. Dokar wawaso suka rubuta, wawason kansa a waje aka yi shi.

Iyakarmu da ku tsakanin Ingila da Faransa aka yi ta, su biyu. A 1890 suka ja layi a takarda daga Say a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, alhali ba wanda ya san ƙasar sosai cikinsu. A 1898 suka sake, aka zagaye Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100 aka bar wa Ingila. Da Faransawa suka tashi tafiya daga kogi zuwa nan Damagaram sai suka ga an tura su cikin daji ba rijiya, ba hanyar da ayari zai bi. Suka koma suka yi ta ciniki, aka gyara a 1904, aka ƙara gyarawa a 1906. Rijiyoyi ne suka sa layin ya lanƙwasa yadda kake ganinsa yau. In ɗakin da aka raba mu kake nema, to ka sake neman biza, London da Paris za ka.

Ɗan Kwari: La ilaha illallahu. Wato allon ma ba na gidanmu ba ne? Yallaɓai ka sha sanyin banza.

Usman ɗan Zazzau (Leipzig): Baba Malam, Allah Ya ƙara sani, amma ina jin tsoron kada bayanin nan ya zama wankin Berlin. Wanda ya rubuta dokar wawaso ai shi ne uban wawaso. Goldie, mai kamfanin da ya zama Royal Niger Company, yana garin lokacin taron yana ba wakilan Ingila shawara, kuma shekara guda bayan an tashi, 1886, aka ba kamfaninsa takardar izinin mulki. Daga nan zuwa Lugard ai taki kaɗan ne. Ni a ganina Yaya Abban Sadiƙ ya je wurin da ya dace.

Malam Isufu: Ɗana, ban wanke kowa ba, ba ni da sabulun. Cewa na yi a san wane laifi aka yi a wane ɗaki. In ka je kotu ka ce an sace maka akuya alhali tunkiya ce, ɓarawon zai fita yana dariya. Kuma mu riƙa faɗin namu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Lokacin da suke zaune can, mu nan Damagaram da Kano hararar juna muke, Maraɗi da Katsina kuwa ba a ga maciji.

Abban Sadiƙ: Malam, harin da kuka kawo mana ne dai bai yi nasara ba, shi ya sa har yau abin ke ranka.

Malam Isufu: Ganuwa ce ta cece ku, ita ma ga yadda kuka saka mata.

Abban Sadiƙ: Wannan kam ka taɓa min inda ke ciwo, don shi ne abu na biyu da na so faɗa. Da yamma na je ganin katangar Berlin ɗin da muke ji a rediyo tun muna yara. Jama'a, siminti ne tsaye, tsayinsa bai kai mita 4 ba, siriri. A Ƙofar Na'isa ko Gadon Ƙaya, inda badala ta saura, ta fi ta kwarjini nesa ba kusa ba. Na ce wannan ce ta raba duniya biyu? Sai da na isa titin Bernauer na gane. A can sun bar wani yanki yadda yake: katanga biyu ce ashe, ta ciki da ta waje, tsakaninsu fili share da rairayi, da fitilu, da hasumiyar masu gadi. Ba tsayin ne ke hana mutum ba, filin nan ne da bindiga. Akwai wani bango da aka jera hotunan waɗanda suka mutu, wasu yara ne ƙanana. An fara ginin ran 13 ga Agustan 1961, aka buɗe ran 9 ga Nuwamban 1989, kuma aƙalla mutum 140 suka rasa ransu a jikinta.

Abin da ya tsaya min shi ne, inda suka rushe ta ma ba su bar wurin ya ɓace ba. Sun jera duwatsu layi biyu a cikin kwalta, suna bin sawunta, ta tsallaka titi, ta shige ƙarƙashin mota, ta fito ta ci gaba. Na bi layin nan da ƙafa har na gaji. Katangar shekara 28, wadda su da kansu suke ƙi. Mu tamu tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen shekara 900 ke nan, muna alfahari da ita a baki, amma ana ɗibar ƙasarta ana bulo, ana yanka ta filoti.

Ɗan Kwari: Tsaya Yallaɓai, wai da gaske ne suna sayar da ɓaraguzan katangar?

Maman Iman: Sosai ma. Ɗan guntu kamar ƙwallon dabino, an shafa masa fenti an manna a kati, a duk shagon tsaraba. Sama da shekara 30 ana sayarwa bai ƙare ba. Ko da yake tsawonta ya kai kilomita 155, ni dai ban sa kuɗina ba.

Ɗan Kwari: Kun gani ko? Su sun mai da tasu jari. Mu da za a ƙulla ƙasar badala a 'yar leda a rubuta Gijimasu a jiki, wallahi sai Turawa sun saya.

Usman ɗan Zazzau: A haka za ku ƙarasa ta ke nan cikin wata shida.

Anti Bilki (Kaduna): Ni fa ina bin ku a hankali don ni ma wata mai zuwa zan je, in sha Allahu, taron ungozomomi. Yini ɗaya da rabi kawai zan samu. Ku bar faɗan Kano da Damagaram ku taimake ni. Kuma ni ba zan ɓoye ba, ina son hoto. 'Ya'yana sai sun ga uwarsu a Turai.

Maman Iman: Anti, ki yi hotonki, ba haramun ba ne. Ga abin da nake yi wa duk baƙon da ya zo min. Ki hau bas mai lamba 100, mai hawa biyu ce, ki haye sama ki zauna a gaba. Bas ce ta gari, tikitin da kowa ke saya da shi za ki hau, amma tana ratsa kusan duk abin da masu motocin yawon buɗe ido ke karɓar kuɗi mai yawa su nuna wa mutane. Daga tashar gidan zoo take tashi, ta wuce fadar shugaban ƙasa, ta wuce majalisa, ta bi babban titin Unter den Linden har Alexanderplatz, inda doguwar hasumiyar talabijin take, mita 368. Inda ya yi miki ki sauka, ki yi hoto, ki jira ta baya.

Majalisar kuwa kada ki wuce ta. Akwai ƙubba ta gilashi a samanta, ana hawa kyauta, kina zagayawa kina ganin gari, in kin leƙa ƙasa kuma kina hango kujerun 'yan majalisa a ƙarƙashin ƙafarki. Amma sai kin yi rajista a intanet tun kafin ki taso, kuma ki riƙe fasfo ranar.

A Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, ki sa wannan a lissafi. Azahar, La'asar da Magariba duk a jere suke zuwa kamar ana kora su. Ki fita da wuri.

Abban Sadiƙ: Anti, ki kuma buga tikiti. Ki buga tikiti. Na sake faɗa, ki buga tikiti.

Anti Bilki: Ikon Allah, me ya faru?

Abban Sadiƙ: Ban so faɗa ba don Ɗan Kwari na nan. Tashoshinsu ba ƙofa, ba shinge, ba mai tambayarka komai, ka sauka ƙasa kawai ka shige jirgi. Na sayi tikitina a na'ura da kuɗina, na sa a aljihu. Ashe akwai wani ɗan akwati a bakin dandamali da ake zura takardar ya buga mata lokaci, in ba haka ba kamar ba ka saya ba ne. Tasha uku da tashi sai wasu samari biyu cikin kayan gida, ɗaya har da jakar goyo, suka ciro kati suka fara bin mutane. Na miƙa nawa da fara'ata. Ya juya shi gaba da baya, ya ce mu sauka a tasha ta gaba. Na yi Turanci, na nuna katin taro, na ce baƙo ne ni, jiya na zo. Ya saurare ni har na gama, da ladabinsa, sannan ya rubuta min Yuro 60. Ban buga shi a naira ba sai da na dawo masauki na zauna, don kada jiri ya ɗebe ni a titi.

Ɗan Kwari: Ba ka ce masa a yi haƙuri a sha ruwa ba?

Usman ɗan Zazzau: Da yanzu muna haɗa kuɗin beli a zauren nan.

Alhaji Bappa (Garwa): Assalamu alaikum. Na makara, kasuwa ta riƙe ni. Ni maganar Abban Sadiƙ ta fi shafata da kowa, don mu a Kamaru Jamus ɗin ce da kanta ta fara mulkarmu, kafin Faransa da Ingila. Kakanninmu a Adamawa sun ga sojanta ido da ido. Na je Berlin sau biyu harkar injinan niƙa, kuma abin da ban manta ba yana cikin Humboldt Forum, babban ginin nan da suka sake ginawa kamar tsohuwar fadar sarakunansu, a tsakiyar gari.

Karagar Sarki Njoya na masarautar Bamun, a nan Kamaru, tana can. An lulluɓe ta da duwatsun ado da wuri tun daga sama har ƙasa, da siffar mutum biyu tsaye a bayan mazaunin, wasu biyu kuma a gaba wajen matakin ƙafa. Njoya ba ƙaramin mutum ba ne, shi ne ya ƙirƙiro wa mutanensa rubutunsu na kansu. A 1908 karagar ta tafi wajen Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu, an ce kyauta ce. Na daɗe tsaye a gabanta. Na ce a raina, wane sarki ne zai ɗauki karagar ubansa ya yi kyauta da ita haka kawai, in ba wanda ya fi shi ƙarfi ne ya nuna yana so ba? Mu 'yan kasuwa mun san irin kyautar da ake yi wa mai kaki a kan hanya.

Malam Isufu: Alhaji, Allah Ya ja kwana. Kyautar tsoro ke nan.

Usman ɗan Zazzau: A ginin ne ma kayan tagullar masarautar Benin ta Najeriya suke. Sojan Ingila suka kwashe su a 1897, Jamusawa suka yi ta saya a gwanjo, Berlin kaɗai ta tara sama da 500. A 2022 sun mayar wa Najeriya mallakarsu a takarda, ministar harkokin wajensu ta kawo kimanin 20 Abuja da hannunta a Disamban shekarar, wasu kuma an bar su can a matsayin aro. To ni nan ne nake da ja, kuma na san za a zage ni. Bayan abin da Yaya Abban Sadiƙ ya faɗa kan badala, in an dawo da komai gobe, ina za mu sa? A can aƙalla da na'urar daidaita sanyi da mai gadi.

Anti Bilki: Haba Usman. In ɓarawo ya sace maka mota yana wanke ta kullum, sai ka bar masa don gidanka ba gareji?

Usman ɗan Zazzau: A'a Anti, zan karɓa. Amma zan gina garejin kafin ta iso, ba bayan ruwa ya dake ta ba.

Alhaji Bappa: Ɗana, masu kayan ba su ce ka riƙe musu ba. A Fumban, babban birnin Bamun, akwai fada, akwai gidan tarihi, akwai jikokin mai karagar. Ko sun ga dama su zauna a kanta har ta karye, tasu ce. Karaga ai don zama aka yi ta, ba don a sa ta a bayan igiya ana kallo ba.

Maman Iman: Wannan gardamar su ma Jamusawan suna yinta, har da zafi. Masar ma ta daɗe tana neman mutum-mutumin kan Nefertiti, sarauniyarsu ta zamanin Fir'auna, da aka tono a 1912, yana Neues Museum, kusa da wurin da Alhaji ke magana. Anti, in kin shiga ɗakinta ba a hoto, kada ki ciro waya. Gidan tarihin Pergamon kuma kada ki sa shi a lissafi, an rufe shi tun Oktoban 2023 ana gyara. Yawancin gidajen tarihin ma ba sa buɗewa ran Litinin.

Yaya Abban Sadiƙ, da ka neme ni da na kai ka Wedding, unguwar da ake ce wa Unguwar Afirka. Titunanta sunan Kamaru, Togo, Zanzibar, Kwango. Akwai dandalin da a da ake kira da sunan Nachtigal.

Malam Isufu: Nachtigal na Kukawa? Wanda ya kai wa Shehu Umar na Barno kyautar Sarkin Prusiya a 1870?

Alhaji Bappa: Shi fa. Shi ne kuma ya dawo a 1884 ya kafa tutar Jamus a Togo da Duwala. Da kyauta aka fara, aka ƙare da tuta.

Maman Iman: To an cire sunansa a ƙarshen 2022, bayan an shekara da shekaru ana ja-in-ja da mazauna unguwar. Yanzu dandalin Manga Bell ne.

Alhaji Bappa: Allahu Akbar. Rudolf Duala Manga Bell, sarkin Duwala da suka rataye a Agustan 1914 don ya ƙi a ƙwace wa mutanensa filaye. Ban san an yi haka ba. In Allah Ya sake kai ni sai na je na tsaya a ƙarƙashin allon, ni ma a ce na yi wauta.

Ɗan Kwari: To ga wawaye sun zama biyu. Ni dai har yanzu ba wanda ya gaya min me ake ci a garin.

Maman Iman: Abin da garin ya yi suna da shi, tsiran nan da ake yankawa a zuba masa miyar tumatir da kori, yawanci alade ne, kada ƙamshi ya ja ku. Ku nemi shagon Turkawa ku ci dona, ita ce shawarmarsu, kuma ku tambaya. In kuma Anti na son ta ji kamar tana gida, ta je titin Sonnenallee a unguwar Neukölln, shagunan Larabawa ne jere, kaza gasasshiya, burodi mai zafi, baƙlawa. Ba nisa daga nan akwai masallacin Sehitlik na Turkawa, mai hasumiya biyu, da wurin mata mai kyau da wurin alwala. Yana jikin tsohon filin jirgin Tempelhof da aka rufe a 2008, yanzu mutane ke tuƙa keke a kan titin jirgin.

Ruwan kwalba kuma ki duba da kyau, mafi yawa mai gas ne. Ki ajiye kwalba ɗaya a jaka ta zame miki buta, don ba za ki samu a bayinsu ba, bayin ma sai da 'yan silalla.

Abban Sadiƙ: Da mai gas ɗin na yi alwala ranar farko. Yana ta tsuwa a hannuna.

Usman ɗan Zazzau: Anti, ƙari ɗaya. Daga Ƙofar Brandenburg in kin ɗan gangara za ki ga wani fili cike da tubalan siminti kamar kaburbura, 2,711 ne, an buɗe a 2005 don tunawa da Yahudawan Turai da 'yan Nazi suka kashe. Ki shiga ki ratsa, ƙasar na gangarawa, tubalan na ƙara tsayi har su shanye ki, hayaniyar titi ta ɗauke. Amma a nan kada a yi hoton murmushi. Na ga masu hawa kai suna tsalle, masu gadi na sauko da su.

Alhaji Bappa: Sun kyauta da suka yi wannan a tsakiyar gari. Sai dai ku auna girmansa da allon Abban Sadiƙ. Herero da Nama na Namibiya da sojansu suka hallaka daga 1904 zuwa 1908, sai 2021 gwamnatinsu ta amince a hukumance cewa abin kisan ƙare dangi ne.

Malam Isufu: Kafin a watse, Bakano, akwai kabarin da ya kamata ka ziyarta ka bari. Heinrich Barth, Bajamushe matafiyi wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya rubuta kasuwarku da marinarku da kyau fiye da yadda ku kuka rubuta, a Berlin ya rasu a 1865, yana wata maƙabarta a unguwar Kreuzberg. Kuma da zai koma gida a 1855 ya tafi da yara biyu, Abbega da Dorugu. Dorugun nan ɗan ƙasar Damagaram ne. Ya ga London, ya ga Hamburg, ya ba da labarinsu da Hausa, yadda suke cin abinci da yadda suke sa tufafi. Wato mun riga ku zuwa Jamus, kuma namu ba a ci shi tarar tikiti ba.

Abban Sadiƙ: Na sallama Malam, yau taku ce.

Anti Bilki: Na rubuta duka. Saura tsaraba, a ina zan saya? Ina so in bar ta sai ranar ƙarshe, Lahadi ke nan, kafin in wuce filin jirgi.

Abban Sadiƙ: Anti!

Maman Iman: Bar shi ya faɗa da bakinsa.

Abban Sadiƙ: Haka na yi. Lahadi na fito da jerin sunaye a takarda, takalmin Sadiƙ, jakar uwargida, turaren surukata. Titi tsit, kowane kanti a rufe kamar ana dokar hana fita. Ashe doka ce, ba sa buɗe kanti ran Lahadi. A babbar tashar jirgin ƙasa kawai na samu wani a buɗe, layi har waje. Cakulan ɗin da na ce muku yara sun cinye, daga nan take.

Maman Iman: Anti ki turo min ranar saukarki ta akwatin sirri, in ba ni da aikin dare zan zo in ɗauke ki mu yi sayayyar ran Asabar. Filin jirgin yana shiyyar C, tikitin ABC za ki saya in kin riga ni fitowa. Ki taho min da daddawa da kuka don Allah, tawa ta ƙare tun bayan Sallah.

Ɗan Kwari: Anti in kin ga guntun katangar nan mai araha ki sayo min ɗaya, ina so in ga yadda suke manna shi a katin.